Alƙawarin Razdan: Labarin Sheikh Khaz'al na Muhammara da Turawan Ingila

Kwana biyu ban leƙo wannan zaure ba, hidimomin Fatakwal ne suka sha kaina. Abin da ya dawo da ni yau wata gardama ce da muka yi da wani abokina bayan sallar isha'i, muna zaune muna jiran a kawo wuta. Shi a ganinsa duk sarakunan Larabawan da ke gaɓar Tekun Fasha dabara ɗaya suka yi, wato suka kama ƙafar Bature, shi kuma ya tsare musu gadon sarauta har jikoki. Ya lissafo Kuwait da Bahrain da Ƙatar da Dubai. Na ce masa lissafin nan da saura, domin akwai wanda ya fi su duka kama ƙafar, ya kuma fi su dukiya da mayaƙa a zamaninsa, amma yau ko sunan garinsa babu a taswira. Da na ambaci Sheikh Khaz'al sai ya ce bai taɓa jin sunan ba. To ga labarin, don shi da ire-irensa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa ba daga Landan ake gudanar da harkar Tekun Fasha ba a wancan zamani. Daga Indiya ne. Gwamnatin Turawa ta Indiya ita ke naɗa babban jami'inta a garin Bushehr, a gaɓar ƙasar Farisa, kuma sunan muƙaminsa Razdan. E, wannan Razdan ɗin dai da kakanninmu suka sani a Kano da Zariya. Tsarin ajiye Bature kusa da sarki yana ba shi "shawara" a Indiya aka ƙera shi, sannan aka yi ta kai shi wurare. A ƙarƙashin Razdan na Bushehr akwai ƙananan wakilai a wurare irin su Maskat da Bahrain, daga baya har Kuwait. A gefe guda kuma akwai jakadan Ingila a Tehran, wanda shi daga ma'aikatar harkokin waje ta Landan yake karɓar umarni. Saboda haka baki biyu Ingila take magana da shi a yankin, ɗaya yana lallashin Shah na Farisa, ɗaya yana lallashin shehunan Larabawa. Muddin bukatun biyu ba su yi karo ba, lafiya lau. Sheikh Khaz'al kuwa a daidai mahaɗar bakunan nan biyu Allah ya ajiye shi.

Garinsa Muhammara yana inda kogin Karun ya haɗu da Shaɗɗul Arab, ba nisa da Basra. Mutanensa Larabawa ne, reshen Muhaisin na ƙabilar Banu Ka'ab, amma a takarda ƙasar tasu lardi ce ta Shah, ana kiranta Arabistan. Khaz'al ya hau mulki a 1897 bayan an harbe ɗan'uwansa Miz'al, kuma mutane da yawa sun zarge shi da hannu a kisan. Kada wannan ya ba ka mamaki, domin amininsa Mubarak Al-Sabah na Kuwait ma a 1896 ya kashe 'yan'uwansa biyu ya hau. Turawa ba su damu da yadda mutum ya hau ba, abin da ke gabansu shi ne wa ke riƙe da bakin ruwa. A watan Janairu na 1899 Razdan Kanar Meade ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Mubarak, cewa ba zai ba wata ƙasa ko taku ɗaya na ƙasarsa ba, ba kuma zai karɓi wakilin kowa ba sai da yardar Ingila. Aka ba shi rufi 15,000.

Khaz'al ya so a yi masa irin wannan. Amma a nan aka sami cikas. Mubarak a ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya yake, wadda Ingila ba ta jin nauyin taka mata ƙafa a ɓoye. Khaz'al kuwa talakan Shah ne, kuma Ingila kullum tana shelar cewa ita mai kare haɗin kan ƙasar Farisa ce, don kada Rasha ta sami hujjar yankar arewacinta. To yaya za ka yi yarjejeniya da hakimin sarkin da kake cewa kana kare masa ƙasa? Sai suka ɓullo da wata hanya, wato wasiƙar ba da tabbaci. Ta farko jakadan Ingila a Tehran, Arthur Hardinge, ya ba shi a 1902, lokacin da Shah ya damƙa harkar kwastan ta ƙasar a hannun Turawan Beljiyam, shi kuma Khaz'al ya ga ana neman raba shi da kuɗin shigar tasharsa. An sabunta tabbacin a 1908 da 1910, sannan a 1914. Kowane karo ana ƙara masa zuma, har aka shigar da magadansa ciki. Amma kowane karo akwai wata 'yar jela da ake maƙalawa a ƙarshe: za a goya masa baya muddin yana cika haƙƙin da ke kansa ga gwamnatin Farisa, yana kuma bin shawarar Ingila. Wa zai yanke hukuncin ko ya cika ko bai cika ba? Wanda ya rubuta wasiƙar mana.

A watan Nuwamba na 1903, wato shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Lugga, Gwamnan Indiya Lord Curzon ya yi rangadin Tekun Fasha da jiragen yaƙi. Ya tara shehunan gaɓar Oman a cikin jirgi a bakin Sharja, ya yi musu jawabi, ya raba takubba da agoguna da bindigogi. Irin wannan biki na nuna isa Turawan Indiya sun ƙware a kansa, mu ma nan an kawo mana shi da sunan daba. Curzon ya san Farisa sosai, ya zagaya ta, ya rubuta littafi mujalladi 2 a kanta a 1892, kuma har ya mutu yana ganin ƙasar a matsayin katangar da ke tsare Indiya.

Sai kuma man fetur ya shigo cikin maganar, komai ya sake. A 1901 Muzaffaruddin Shah ya ba wani attajiri, William Knox D'Arcy, izinin haƙar mai na shekara 60 a mafi yawan ƙasar, a kan kashi 16 cikin 100 na riba. Aka yi ta haƙa ana asara har ran 26 ga Mayu 1908, da mai ya yi tsiri a Masjid Sulaiman. A 1909 aka kafa kamfanin Anglo-Persian, kakan BP na yau. Man yana cikin duwatsun Bakhtiyari, teku kuwa tana kudu, tafiyar mil sama da 130, kuma duk bututun da za a ja dole ya ratsa ƙasar Khaz'al. Wurin da ya dace da matata shi ne tsibirin Abadan, shi ma nasa. Wanda ya zauna da shi aka daidaita shi ne Razdan na lokacin, Percy Cox, wanda Larabawa ke kira Kokus. Aka ba da hayar filin Abadan a kan fam 650 a shekara, aka haɗa wa Shehun da bashin fam 10,000. Ka lura, da hakimi aka yi cinikin, Tehran tana gefe tana kallo. Mu da ke zaune a garin mai mun san irin wannan, kamfani ya fi son ya daidaita da mai unguwar da bututu zai bi ta gonarsa. A Tehran ba a manta da wannan raini ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar Khaz'al. A 1910 aka ba shi lambar girma ta daular Indiya, ya zama Sir. Jiragen Ingila in sun zo wucewa ta gaban fadarsa da ke Failiyya sai sun buga masa igwa. A 1914 Churchill ya sa gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin, domin jiragen yaƙinta sun bar kwal sun koma mai. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojojin Indiya suka sauka a bakin Shaɗɗul Arab a Nuwamba 1914, suka kama Basra, kuma babban dalilin zuwansu shi ne tsare Abadan. Khaz'al ya tsaya tare da su, alhali Daular Usmaniyya ta yi shelar jihadi, wasu ƙabilun ƙasarsa sun amsa, har suka fasa bututun a farkon 1915. Ya sayar da mutuncinsa a idon mutanensa da yawa saboda takardar Cox. A Nuwamba 1916 aka yi babban taro a Kuwait, Cox a tsakiya, ga Abdul'aziz Ibn Sa'ud, ga Sheikh Jabir na Kuwait, ga Khaz'al. Duk wanda ya ga zaman nan, in aka ce ya nuna wanda gidansa zai fi daɗewa, ba lallai ya tsallake mai Abadan ba.

Ni a karatuna, abin da ya kayar da shi ya faro ne daga Tehran, ba daga wani kuskure nasa ba. Bayan yaƙi Curzon ya zama ministan harkokin waje, Cox kuma yana Tehran, aka ƙulla yarjejeniyar 1919 wadda za ta sa kuɗi da sojan Farisa a ƙarƙashin mashawartan Ingila. An ba firayim minista Wusuƙud Daula da ministoci 2 kuɗi kimanin fam 131,000 don su sa hannu. Asiri ya tonu, ƙasa ta ɗauki zafi, majalisa ba ta taɓa amincewa da ita ba. A Fabrairu 1921 wani hafsan soja, Reza Khan, ya shigo Tehran da dakarunsa, sabuwar gwamnati ta yi watsi da yarjejeniyar. A shekarar nan ce kuma Khaz'al ya nuna sha'awar gadon sarautar Iraƙi, Turawa suka ce a'a, Faisal ɗan Sharif Husaini suka zaɓa.

Sabon jakada a Tehran, Percy Loraine, ya dubi Reza Khan ya ga abin da Ingila ta daɗe tana nema, wato mutum ɗaya mai ƙarfi da zai riƙe ƙasar gaba ɗaya, ya tare 'yan Bolshebik daga arewa, ya kuma tsare rijiyoyin mai ba tare da Ingila ta kashe ko sisi ba. Ya yi ta rubuta wa Landan cewa abota da Tehran ta fi abota da shehunan kudu amfani. Jami'an Bushehr suka yi ta ƙorafi cewa akwai alƙawari a ƙasa. Amma Cox ya yi ritaya a 1923, Curzon ya bar ofis a farkon 1924.

Reza Khan bai yi gaggawa ba. Ya fara da maganar bashin haraji na shekaru, wanda a takarda gaskiya ne ana bin Khaz'al. Ka tuna da 'yar jelar nan ta cika haƙƙin gwamnatin Farisa? Ga ranarta ta zo. A 1924 Khaz'al ya haɗa kai da wasu shugabannin Bakhtiyari da Lur, ya aika wa majalisa ƙara, ya kira Ahmad Shah da ke zaune a Turai ya dawo ya karɓi ƙasarsa. Yana yin duk wannan ne da zaton in ta yi zafi jiragen Ingila za su shigo Karun. Abin da ya samu shi ne shawarar ya kwantar da hankali ya nemi afuwa. Reza Khan ya gangaro kudu da kansa a ƙarshen shekarar, Loraine ya shirya musu ganawa a Ahwaz a watan Disamba, Shehun ya miƙa wuya, aka yi masa alƙawarin ba za a taɓa shi ba.

A watan Afrilu na 1925, wata guda bayan mutuwar Curzon, sojoji suka hau jirgin ruwansa na shaƙatawa da dare, suka kama shi, aka wuce da shi Tehran. Ingila ta yi 'yan rubuce-rubuce na nuna damuwa. Matatar Abadan ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Abokina da na kai nan sai ya ce to ai cin amana ce ƙarara. Ni ma zuciyata can ta karkata, amma akwai abin da ya kamata a faɗa. In ka tambayi Ba'iraniye, zai ce maka Khaz'al hakimi ne da ya haɗa baki da baƙi don ya ɓalle da yankin da ya fi kowane arziki a ƙasar, kuma Reza Khan ya yi abin da kowace gwamnati za ta yi. Wannan magana tana da ƙafa. Shi kansa Shehun ba waliyyi ba ne, mutanensa sun sha harajinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wankin da Turawan suka yi wa kansu, cewa ai wasiƙun ba su taɓa cewa za a yi yaƙi dominsa ba. Haka ne, ba su ce ba. Amma shekara 22 suna barinsa ya fahimci haka, domin fahimtar tasa tana yi musu amfani, kuma sun san sarai da wace fahimta ya shiga yaƙin 1914.

Farisawa ma sun taɓa ɗanɗanar irin wannan tun kafin a haifi Khaz'al. A yarjejeniyar 1814 Ingila ta yi wa Fathu Ali Shah alƙawarin sojoji ko kuɗi in wata ƙasar Turai ta far masa. Da yaƙi ya tashi da Rasha a 1826, sai aka ce ai Farisa ce ta fara, saboda haka alƙawarin bai hau ba. Bayan an ci su, aka tilasta musu yarjejeniyar Turkmanchai a 1828, Ingila ta ba Shah toman 200,000 don ya yarda a goge waɗannan sharuɗɗa daga takardar baki ɗaya, shi kuwa yana neman kuɗin da zai biya Rasha diyya, ya karɓa.

Su Kuwait da abokina ya lissafo ma ba kyauta suka tsira ba. A taron Uƙair na ƙarshen 1922, Cox ɗin nan dai ya ɗauki jan fensir ya ja iyaka, ya ba Ibn Sa'ud kusan kashi 2 cikin 3 na ƙasar da Kuwait ke iƙirari, Sheikh Ahmad Al-Jabir ba ya ma wurin. Wannan labari ne mai zaman kansa, in Allah ya yarda zan kawo shi nan gaba.

Khaz'al ya zauna a tsare a wani gida a Tehran shekara 11. A watan Mayu na 1936 aka wayi gari ya mutu, kuma abin da masana tarihi da yawa suka tafi a kai shi ne shaƙe shi aka yi da umarnin Reza, wanda a lokacin ya zama Shah. Lardin Arabistan ya koma Khuzistan, Muhammara kuma aka sa mata Khorramshahr, sunan da take amsawa har yau.