Kaka Moses: Matar Manomin da Ta Zana Aikin Gidanta

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihin wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Amurka, wadda ta bar duniya tun ba a haifi da yawa daga cikinmu ba. Amma bari in fara da abin da ya kai ni gare ta, don kada ku ce mene ne haɗin kifi da kaska.

Ni dai malamar firamare ce a ƙauyenmu, kuma matar manomi. A kwalejin horon malamai na koyi zane, inda ake sa mu zana kayan koyarwa a kan kwali, daga nan abin ya shiga raina har na riƙa sayen fenti da buroshi da 'yan kuɗina. A daminar bara na fara zana rumbunanmu guda uku da kukar da ke bayansu. Na yi sama, na yi kuka, sai shuka ta kama. Ga kai abinci gona, ga makaranta, ga goyo, ga ɗiban ruwa. Na jingine kwalin a bayan ƙofa da niyyar gobe zan ƙarasa, goben nan kuwa sai da ta yi wata uku. Ranar da na tuna da shi na tarar akuya ta riga ni, ta cinye kusan rabi. Ina ta sababi a tsakar gida sai uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta ɗago daga tsintar wake ta ce, "'Yar nan, in da abin kirki ne ai da ba ki bar shi wata uku a bayan ƙofa ba." Maganar ta yi mini zafi, don kuwa na rasa amsar da zan ba ta.

Cikin wannan hali ne ƙanena ya turo mini hoton wani zane a waya: ƙauye cikin dusar ƙanƙara, ga dawaki, ga yara, ga mata a bakin tukwane. Ya rubuta a ƙasa cewa wadda ta yi shi sai da ta kai shekara 78 sannan ta fara zane, don haka in kwantar da hankalina. Haka kowa ke ba da labarin matar. Da na bi diddigi sai na ga an gutsure shi, kuma abin da aka gutsure shi ne ya fi shafata.

Sunanta Anna Mary Robertson. An haife ta ranar 7 ga Satumba, 1860, a karkarar Greenwich da ke jihar Niyok, ita ce ta uku cikin 'ya'ya goma. Mahaifinta manomi ne, kuma shi ma yana da sha'awar zane. Yakan sayo wa yaran farar takarda mai araha su yi ta zane-zane, ita kuwa Anna sai ta matse 'ya'yan itatuwa ta sami launi. Karatunta bai yi nisa ba, a wata makaranta mai aji ɗaya ta ɗan zauna. Tana shekara 12 ta bar gida ta tafi aikatau a gidajen manoma masu hali, tana girki, tana wanki, tana ɗinki, tana raino. Shekara 15 ta yi a haka.

A 1887, tana da shekara 27, ta auri Thomas Moses, wanda shi ma ɗan ƙodago ne a gonar da take aiki. Suka kama hanyar kudu neman abin yi, suka yada zango a kusa da garin Staunton cikin kwarin Shenandoah a jihar Bajiniya, inda suka riƙa karɓar hayar gonaki. Da ɗan abin da ta tara ta sayi saniya, tana kaɗa nono tana sayar da man shanu, daga baya ta ƙara da soyayyen dankalin Turawa. A can ta haifi 'ya'ya goma, biyar suka rasu tun suna jarirai, a can kuma aka binne su. A 1905 suka koma jihar Niyok, suka sayi gona a ƙauyen Eagle Bridge, ba nisa da inda aka haife ta.

To, ya kai mai karatu, ka lissafa da kanka. Daga shekara 12 zuwa sama da 60 matar nan ba ta da wani lokaci da za ta kira nata. Duk wadda ta zauna a ƙauye ta san irin wannan rayuwa: ki tashi kafin kowa, ki kwanta bayan kowa, kuma aikin da kika gama yau shi ne zai tashe ki gobe. Amma duk da haka hannun nan bai mutu ba. A 1918, tana dab da shekara 60, tana manna takardar ado a bangon ɗakin baƙi sai takardar ta ƙare, saura allon da ake rufe bakin murhu da shi in zafi ya shigo. Maimakon ta bar shi haka, sai ta ɗauki ragowar fentin gida ta zana bishiyoyi da tafki a kansa. Wannan allo shi ne ake lissafawa a matsayin babban zanenta na farko. Bayansa ta riƙa ƙawata 'yan kayan ɗaki jefi-jefi, in aiki ya ɗan sassauta.

Mijinta ya rasu a 1927, ɗanta da matarsa suka karɓi nauyin gona. A 1932 ta tafi garin Bennington jinyar 'yarta Anna mai fama da tarin fuka, a nan ta kama yin hotuna da allura da zaren ulu, tana rabar wa 'yan uwa. Da amosanin gaɓɓai ya kama mata yatsu har riƙe allura ya zama azaba, 'yar uwarta Celestia ta ba ta shawarar ta gwada buroshi, tunda ya fi sauƙin riƙewa. Kun ga ke nan, ba rana ɗaya tsohuwa ta farka ta zama mai zane ba. Abin da ta ɗauko tun tana yarinya ne, ta yi ta lallaɓa shi a gefen aiki shekara da shekaru, har ranar da aikin ya sake ta.

Nan ne kuma ɗacin labarin yake, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Ba ta sami sarari ba sai da miji ya rasu, 'ya'ya suka girma, wani ya ɗauke mata gona, jiki kuma ya fara ƙin aikin ƙarfi. Da ta rasu tana da shekara 70, kamar yadda mata da yawa na zamaninta suka yi, da ba wanda zai san sunanta in ban da jikokinta. Mata nawa ne masu irin hannunta ajali ya riga sararin zuwa? Wannan tambaya ta tuna mini da kakata, wadda zanen ƙwaryarta ya yi suna a unguwarmu, amma yau ko ɗaya ba ta saura a gidan ba.

Ko da ta fara zane sosai, garinsu bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Ta kai zane-zanenta bikin baje kolin amfanin gona tare da 'ya'yan itacen da ta dafa da sukari ta ɗura a kwalabe. Kwalaben suka ci kyauta, zanen kuwa ko kallo bai ishi alƙalai ba. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, na ce ashe irin su Inna ko'ina akwai su.

A 1938 wani injiniya mai tara kayan zane, Louis Caldor, ya bi ta garin Hoosick Falls, ya hango zane-zanenta a tagar wani kantin magani, an sa musu kuɗi dala uku zuwa biyar. Ya saye su duka, ya nemi gidanta. Bai same ta ba, matar ɗanta ta ce masa akwai wasu goma, ya dawo gobe. Da tsohuwa ta dawo ta ƙirga sai ta ga tara ne, don haka ta raba wani babba gida biyu don kada surukarta ta zama maƙaryaciya. Caldor ya yi ta yawo da zanen a birnin Niyok, dillalai suna ja da baya da zarar sun ji shekarunta, suna ganin ba riba a tallata wadda ta kusa tamanin. A 1939 aka nuna guda uku a wani baje koli na masu zanen da ba a sani ba, a gidan adana zanen zamani na birnin. A Oktoban 1940 Otto Kallir, wanda ya gudo daga Biyana saboda 'yan Nazi ya buɗe gidan zane mai suna Galerie St. Etienne, ya shirya mata baje koli nata ita kaɗai, da taken da ke nufin abin da matar manomi ta zana. Ba ta halarta ba, ta ce ai ta riga ta ga hotunan. A watan da ya biyo baya babban kantin Gimbels ya gayyace ta, ta je da burodinta da kwalabenta, da aka ba ta dama ta yi jawabi sai ta ɓuge da bayanin yadda take haɗa su. 'Yan jarida suka ɗauki sunan da ake kiranta da shi a gida, Grandma Moses, wato Kaka Moses, ya bi ta har abada.

Daga nan suna ya tashi. Kamfanin Hallmark ya buga zanenta a katunan gaisuwa, Shugaba Truman ya miƙa mata lambar yabo a 1949, littafin tarihin rayuwarta ya fito a 1952, mujallar Time ta sa ta a bango a 1953. Da ta cika shekara 100 a 1960, gwamnan Niyok Nelson Rockefeller ya ware ranar da sunanta. Ta rasu ranar 13 ga Disamba, 1961, tana da shekara 101, ta bar zane sama da 1,500. A 2006 aka sayar da ɗaya daga ciki a kan kuɗi sama da dala miliyan ɗaya.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take aikin. Ba ta da wani ɗaki na musamman a farko, a ɗakin kwananta take yi, a kan wani tsohon tebur, allon a kwance kamar mai murza alkama. Takan fara samun firam tukuna sannan ta yanka katako daidai da shi, don kada a yi asara. Ta shafa farin fenti, ta fara daga sama, ta gangaro kan duwatsu, sannan gidaje, sannan dabbobi da mutane. Kafin ta sami ƙananan buroshi, da tsinken ashana da fil take yin idanu da baki. Sau da yawa takan jera alluna da dama ta yi musu sama a zama ɗaya, don fentin da ta dama kada ya bushe a banza. Wannan duk dabarar uwargida ce wadda ta saba auna gari da mai, ita ce ta kawo ta kan tebur.

Sannan ku dubi abin da ta zana: ranar wanki, kamun talotalon biki, haɗa sabulu, yin kyandir, dafa ruwan bishiyar mapul ya zama sukari, taron mata masu ɗinkin bargo. Wato dai aikin nan da ya hana ta zane shekara hamsin, shi ne ya zama abin zanawarta. Ta san inda ake tsayawa a bakin tukunya don kada hayaƙi ya shiga ido, ta san yadda doki ke jan kaya a kan ƙanƙara, don ta yi da hannunta ta gani da idonta. Gaskiya ne masu suka sun ce ta ƙawata ƙauye fiye da yadda yake, ta kauce wa tarakta da turakun waya, kuma takan kwafi siffofi daga hotunan mujallu da take yankewa. Haka ne. Kaburbura biyar na Shenandoah ma ba su fito a hotunan da suka yi suna ba. Amma wadda ta binne 'ya'ya biyar ba za a ce ba ta san wuyar ƙauye ba, zaɓar abin da za ta tuna ta yi.

Da na gama karatun nan na koma kan maganar Inna, sai na ga tana da rabin gaskiya. Laifina shi ne jiran ranar da zan wayi gari babu aiki, alhali a gidan manomi wannan rana ba ta cikin kalanda. Kuma ba ni da tabbacin zan kai shekara 78, balle in ajiye abin sai lokacin. Don haka na sauya tsari. Na daina sayen babban kwali, sai ƙanana waɗanda zan iya gamawa a zama biyu ko uku. Na ware ɗan lokacin da ke tsakanin dawowa makaranta da ɗora tukunyar dare, ko da minti ashirin ne. In damina ta kankama ina haƙura da fenti, in riƙe fensir da ɗan littafi a jaka. Na kuma sa maigida ya kafa mini ƙusa can sama, inda bakin akuya ba ya kaiwa.

Da kaka ta yi na zana matan gidanmu suna sussukar gero, na sa Inna a gefe tana sheƙa. Na nuna mata, ta karɓa ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wa ya ce miki haka ake riƙe ƙwarya in ana sheƙa? Ɗaga hannun nan sama, iska ta samu hanya." Na koma na gyara. Yanzu hoton yana rataye a ɗakinta, saman jeren kwanukanta, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata.

Rumbunan nan uku dai har yau ban sake su ba, amma na yanka kwalinsu na ajiye. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.