Daga Ruwan Toka zuwa Omo: Tarihin Kumfa a Kafanchan

Kafin jirgin ƙasa ya yi kukansa na farko a Kafanchan, daga murhu sabulu yake farawa. Uwargida takan tara tokar karan dawa, ta shimfiɗa ciyawa a tukunya mai huji a gindi, ta zuba tokar, ta kwarara ruwa, ta bar shi yana ɗiga. Wannan ruwan toka, da har gobe ake ɗan zuba wa miyar karkashi, shi ake dafawa da manja ko alayyadi ko man kaɗe, ana tuƙawa har ya kama jikinsa ya zama baƙin dunƙule mai taushi. Hausawa suna ce masa sabulun salo. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai ruwan sama da kurmi, kwakwar manja tana yi a cikinta, saboda haka mai bai yi wa masu wannan sana'a wuya ba.

Kumfarsa ba ta da yawa, kuma ba wanda ya riƙe shi da laifin haka. Abin da ake dubawa shi ne ko zane ya fita.

Layin dogo ne ya sauya lissafin. A shekarar 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya riga ya iso, aka kuma buɗe reshen da ya haura Jos, sai Kafanchan ta zama mahaɗa. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, kaya suka riƙa zuwa daga bakin teku ba tare da an ƙetare da su Binuwai a jirgin ruwa ba. Ma'aikatan reluwe suka cika gari, Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa, masu albashi a ƙarshen wata da fararen kayan da ke son wanki. A daidai wannan zamani kamfanin Lever Brothers, wanda ya yi arziki a Ingila da man kwakwar Afirka ta Yamma, ya kafa reshensa a Najeriya a 1923, ya gina masana'anta a Apapa. Kamfanin Paterson Zochonis ya shiga harkar sabulu a Aba a 1948. Sandar sabulu irin ta Key, wadda mai tebur ke yankawa gwargwadon kuɗin mai saye, ta fara ture dunƙulen gargajiya gefe.

Duk da haka wannan sabulu ne na ainihi, mai da ruwan alkali, ɗan'uwan na toka. Baƙon gaske ya zo ne wajen samun 'yancin kai, a cikin kwali: Omo. Sunan ya kama baki har ya zama kowane garin wanki omo ne, ko Elephant ne ko Klin. Abin da ke cikinsa kuwa daga ɗanyen man fetur ake sarrafo shi, kuma yana tashin kumfa ko a ruwan da sabulu ke ƙin yi. Tallar rediyo da ta kasuwa suka koya wa mutane darasi guda: wanki mai kyau shi ne wanda baho ya cika da fari fat. Darasin ya zauna, alhali kumfa iska ce kawai da sinadari ya kulle a cikin ruwa. Ba ita ke cire datti ba. Garin da ake yi domin injin wanki ma da gangan ake rage masa ita.

Turawa sun riga kowa ganin illar abin. Bayan fitowar Tide a Amurka a 1946, sinadarin da masana'antu suka fi amfani da shi, wanda ake kira ABS, ya ƙi ruɓewa a ruwa. Koguna suka riƙa tara tsibin kumfa, a wasu garuruwa har a ruwan famfo ana ganinta. Jamus ta Yamma ta yi doka a 1961, masana'antun Amurka suka koma wani nau'i mai saurin narkewa, LAS, a 1965. Shi ne ke cikin yawancin garin wankin da ake sayarwa yau. Sai dai saurin nasa yana da sharaɗi: ƙwayoyin halittar da ke cinye shi suna buƙatar iska. A kwata mai tsayayyen ruwa yakan daɗe, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata wa kifi matattarar numfashi. Ga kuma fosfet da ke cikin wasu nau'o'in garin wankin, wanda taki ne ga gansakuka. Tarayyar Turai ta taƙaita shi tun 2013.

A kan fata ma akwai magana, amma a faɗe ta daidai. SLS, wanda ke sa man goge baki da sabulun gashi kumfa, yana kwashe maiƙon fata, shi ya sa likitocin fata ke amfani da shi da gangan idan suna son tayar da ƙaiƙayi a gwaji. Jita-jitar cewa yana kawo sankara ba ta da hujja. Abin lura yana wajen ƙanensa SLES, wanda kan fito daga masana'anta da ɓurɓushin dayokzen, sinadarin da hukumar binciken sankara ta duniya ta sa cikin abubuwan da ake zargi. Jihar New York ta ɗora masa iyakar kashi ɗaya cikin miliyan a kayan wanka da wanki daga ƙarshen 2023.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne yadda sana'ar ta dawo tsakar gida. Yau a Kafanchan, Zonkwa da Kwoi, kamar sauran garuruwan Najeriya, haɗa sabulun ruwa yana cikin sana'o'in farko da ake koya wa mata da matasa a coci, a Islamiyya, a taron koyon sana'a. Ya rufa wa gidaje da yawa asiri, wannan ba a musu. Amma kayan haɗin ba toka da manja ba ne kuma: salfonik asid ne, da soda mai cin hannu, da SLS, da Texapon, da wani abin ƙara kumfa, wasu har da fomalin don kada ya yi wari. A ƙulle cikin leda ake sayo su, sau da yawa ba rubutu a jiki, a dama a bokiti ba safar hannu. Mai saye kuwa girgiza gorar yake yi ya ga tashin kumfa kafin ya biya, don haka mai haɗawa take ƙara hannu. Ruwan soda da aka jiƙa aka ajiye a gorar lemo kama yake da ruwan sha, kuma likitoci a asibitocin koyarwa na Afirka ta Yamma sun daɗe suna karɓar yaran da suka kurɓe shi, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan wanki da na kwalliya, amma jarkar da aka haɗa a bayan ɗaki ba ta bi ta teburinta ba.

Ruwan wankin duka, na gida da na masu wankin mota da babur, kwata yake bi ya gangara rafi ba tare da an tace shi ba. Da damina ruwan da ke zubowa daga tsaunukan Kagoro yakan share shi, magangarar ruwa ta Matsirga ta yi ta ruri da farar kumfarta ta asali. Daga Janairu zuwa Maris rafukan cikin gari sukan ƙanƙance su koma zirin ruwa, kuma a lokacin ne masu lambu ke jefa tiyo a ciki don ban ruwan alayyafo da tumatir.