Shekarar Hidima da Zaman Jama'a: Daga Degel Zuwa Masaukin Masu Yi Wa Ƙasa Hidima a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin al'adar keɓe wani yanki na ƙuruciya domin hidimar addini tare da zama cikin jama'a, tun daga Madina har zuwa unguwannin Kano na yau. Ta nuna cewa al'adar ta ginu a kan rukunai huɗu: malami mai tarbiyya, mai masauki, aiki mai amfani ga mutane, da wa'adin komawa gida. Tsangaya ta riƙe malami amma ba ta yanke wa'adi ba, shekarar hidimar ƙasa kuwa ta zo da wa'adi amma ba ta zo da malami ba.

Gabatarwa

Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi suna cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Tarauni, a wajen ganuwar birnin Kano, daura da titin Zariya inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. A irin waɗannan unguwanni ana samun samari iri uku da kowannensu ya sadaukar da lokacinsa ga wani aiki ba don albashi ba. Akwai gardi a makarantar allo, akwai ɗan agaji mai daidaita sahu ranar Juma'a, akwai kuma mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga wata jiha domin ya koyar a makaranta ko ya yi aiki a asibiti. Mutane kan ɗauka ba abin da ya haɗa su, alhali tarihi ya nuna reshe ne uku na itace guda. Sanin wannan tushe shi zai bayyana abin da kowane reshe ya rasa.

Tushen Al'adar a Madina

Bayan Mubaya'ar Aƙaba ta farko a shekarar 621, wadda mutum 12 suka yi, Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya aika Mus'abu bn Umair zuwa Yasriba domin ya karantar da Alƙur'ani. Mus'abu saurayi ne da ya tashi cikin ni'ima a Makka. Ya sauka a gidan As'adu bn Zurara, wanda ya ɗauki nauyinsa, ya kuma riƙa zagayawa da shi gidajen Ausu da Khazraju. A hannunsa Usaidu bn Hudair da Sa'adu bn Mu'azu suka musulunta. Da aikin hajji ya zagayo ya koma Makka, kuma a wannan karon maza 73 da mata 2 ne suka yi mubaya'a ta biyu. Zaman nasa bai wuce kimanin shekara guda ba, amma shi ya share fagen Hijira.

Bayan Hijira sai aka sami Ahlus Suffa, baƙi marasa iyali da dukiya da suke kwana a wani sashe na Masallacin Annabi, suna neman ilimi, mutanen Madina suna ciyar da su. Daga cikinsu Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) ya fito. Haka kuma Bukhari ya ruwaito labarin Maliku bn Huwairis, wanda ya zo tare da wasu samari tsararrakinsa suka zauna kwana 20 wurin Manzon Allah. Da ya lura sun yi kewar iyalansu, sai ya umarce su da su koma gida su koyar da abin da suka koya. Wannan ya dace da aya ta 122 a Suratut Tauba, wadda ta kwaɗaitar da cewa wani ɓangare na kowace jama'a ya fita neman fahimtar addini domin ya gargaɗi mutanensa idan ya komo. A waɗannan misalai rukunan huɗu sun cika: akwai mai tarbiyya, akwai mai ciyarwa, akwai aiki, akwai kuma ranar komawa.

Degel, Ribaɗi da 'Yan Taru

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a 1754, ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan kimanin shekara 20. Jama'ar da ta taru gare shi a Degel mafi yawanta ɗalibai ne da suka baro garuruwansu. Suna karatu, suna kwafar littattafai da hannu, suna hidimar baƙi, suna kuma raka shi yawon wa'azi. Ƙanensa Abdullahi ya ambata a Tazyinul Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara suna kiran mutane, shi kuwa a lokacin saurayi ne. Da aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, waɗannan ɗalibai da suka saba cin tuwo a akushi ɗaya su ne ƙashin bayan Jama'a, kuma daga cikin almajiran Shehu aka sami masu tutocin da suka koma ƙasashensu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya mai da wannan zama tsarin hukuma ta hanyar kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka. Ya zaunar da mutane a cikinsu, ya haɗa su da malamai da masu sana'a, domin tsaro da noma da karatu su tafi tare. Shi kansa ya zaɓi zama a ribaɗin Wurno, kuma a can kabarinsa yake. Mata ma ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji, waɗanda take naɗa wa malfa, suke jagorantar 'yan mata da dattijai mata daga ƙauyuka zuwa wurinta. Su ɗauki karatu na ɗan lokaci, sa'an nan su koma su koyar, su kuma yi hidimar marasa lafiya da wankan gawar mata. Tsarin Asma'u ya fi kowanne kusa da misalin Maliku bn Huwairis, domin zuwa ne mai iyaka, kuma manufarsa komawa.

Gardi a Tsangaya

A tsangaya ɗalibi yakan fara da kolo, ya zama titibiri, sa'an nan gardi, kafin ya kai matsayin alaramma ko gwani. Gardi shi ne saurayin da ya wuce bara. Shi yake biya wa ƙanana karatu, ya duba allunansu, ya hura wutar karatun dare, ya jagoranci noman gonar malam da damina. Da rani kuwa yakan tafi gabas, wajen Borno, domin ƙarfafa hadda, ko ya shiga birni ya yi ɗinkin hula da makamantansa. Ba ya karɓar albashi. Ladansa karatu ne da albarkar malam, abincinsa kuma daga rumbun malam da gidajen maƙwabta yake fitowa.

Wannan tsari ya dogara ga gona da kuma unguwar da ta san nauyin da ke kanta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, hukuma ta karkata ga karatun boko wajen ɗaukar ma'aikata, makarantar allo kuma ta koma dogaro ga jama'a kaɗai. Daga baya birni ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Gonakin da ke yankin Tarauni da Darmanawa suka zama fulotai da gidaje, maƙwabci ya zama ɗan haya da bai san malamin unguwa ba. Da rukunin mai masauki ya raunana, sai nauyin ciyarwa ya faɗo kan ƙananan yara, bara ta yawaita. Ga shi kuma gardanci ba shi da wa'adi: saurayi kan shafe shekaru bai san ranar da za a sallame shi ba, bai kuma riƙi sana'ar da zai koma da ita ba. Ƙarshen wannan rauni ya fito fili a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnatocin Arewa, har da ta Kano, suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu cikin motoci.

Zawiya da Rundunar Agaji

Ɗariƙun Sufaye sun raya kalmar hidima da ma'ana ta tarbiyya. Bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas a aikin hajjin 1937, alaƙa ta ƙullu tsakanin Kano da Kaulaha ta ƙasar Senegal. Malamai irin su Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Abubakar Atiku Sanka suka zama ginshiƙan Faila a birnin, samari kuma suka riƙa tafiya Kaulaha su zauna a Madina Baye suna karatu da hidimar baƙi. A ɓangaren Ƙadiriyya, gidan Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya tara muridai a kan irin wannan tafarki. A zawiya ɗebo ruwa da shara da raba abinci duk darasi ne na karya girman kai, kuma shehi ne yake duba halin muridi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Daga shekarun 1960 hidima ta sa kaki. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962 ƙarƙashin jagorancin Sardauna Ahmadu Bello, aka kafa Fityanul Islam a Kano a 1963 ta hannun Shehu Mudi Salga, sai Izala a Jos a 1978 ta hannun Shehu Isma'ila Idris. Kowacce ta samar da rundunar 'yan agaji, masu aikin sa kai a masallatai da filayen idi da wuraren wa'azi da sansanin alhazai. Ɗan agaji yana da aiki da horo, amma a gidansu yake kwana. Saboda haka rundunar ta riƙe hidima, ta saki zaman tare.

Shekarar Hidimar Ƙasa

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar NYSC da doka mai lamba 24 ranar 22 ga Mayu, 1973. Manufarta ita ce a tura wanda ya kammala karatun gaba da sakandare, matuƙar bai haura shekara 30 ba, zuwa wata jiha ya yi aikin shekara guda, domin 'yan ƙasa su san juna. Ana farawa da horon mako uku, wanda a Jihar Kano ake yi a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye. Da farko Hausawa sun kira shirin bautar ƙasa, daga baya lafazin yi wa ƙasa hidima ya rinjaya a bakin masu kiyaye harshe, domin bauta ta Allah ce Shi kaɗai.

Shirin ba na addini ba ne, amma matasa Musulmi sun sama masa ruhi. A ƙarshen shekarun 1970 suka kafa ƙungiyar Musulmi masu yi wa ƙasa hidima, wadda aka sani da MCAN. Da yawansu sun taso ne a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954. Babban abin da ƙungiyar ta kawo shi ne masauki: gida da baƙon da bai san kowa ba zai sauka, a yi sallar jam'i, a haɗa kuɗin cefane, a yi ta'alimi, ƙarƙashin amir da aka zaɓa daga cikinsu. Daga nan suke fita da'awa a ƙauyuka da ziyarar asibitoci da gidajen yari. Takwarorinsu Kirista ma suna da irin wannan gida. Saurayi Bayarabe daga Ibadan ko Ilori da ya zo Kano ya koyar shekara guda, yana kwana tare da 'yan'uwa da bai taɓa gani ba, ya fi kowa a wannan zamani kama da Mus'abu a fuskar wa'adi da baƙunta.

Sai dai rukunai biyu suna da rauni. Amir tsara ne, kuma yana tafiya idan shekararsa ta cika, don haka tarbiyyar masauki ba ta da dattijo mai ɗorewa irin malamin tsangaya ko shehin zawiya. Mai masauki kuma hukuma ce mai biyan alawus, ba unguwa ba. Inda jama'a ba su ɗauki baƙo amana ba, abin yakan kai ga hasarar rai, kamar yadda aka kashe wasu masu hidima a Jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011. Mus'abu bai yi nasara a Yasriba ba sai da As'adu ya tsaya masa.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa keɓe lokaci domin hidima da zaman jama'a tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma lafiyarta tana ga haɗuwar rukunanta. Gardin Darmanawa yana da malami, amma yana buƙatar wa'adi sananne da sana'ar da zai koma gida da ita. Mai hidimar ƙasa da aka turo Tarauni yana da wa'adi da ilimin zamani, amma yana buƙatar malami da unguwar da za ta karɓe shi. Abin da ɗaya ya rasa yana hannun ɗayan, kuma sau da yawa layi ɗaya ne ya raba su. Kwamitocin masallatan unguwa da jami'o'in Musulunci suna iya haɗa su: limami ya riƙa karantar da masauki fiƙihu da tajwidi, mai hidima ya koya wa gardawa lissafi da rubutun boko, unguwa kuma ta ɗauki nauyin tsaron duka biyun. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, kuma haƙƙin baƙo da na ɗalibin ilimi duk shari'a ta tabbatar da su. Allah ne Mafi sani.