Shari'ar Sarautar Gwandu: Inda Ikon Gwamna Ya Haɗu da Ikon Kotu

Shari'ar sarautar Gwandu tana cikin mafi daɗewar ƙararrakin sarauta a Najeriya. Ta shafe shekara 20, kuma ta ratsa matakan kotu uku.

Asalin Rikicin

A watan Yunin 2005, Gwamnan Jihar Kebbi, Muhammad Adamu Aliero, ya tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Alhaji Mustapha Haruna Jokolo, wanda ya hau gadon sarauta a 1995. Aka kai shi Jihar Nasarawa, aka naɗa Manjo Janar Muhammadu Iliyasu Bashar mai ritaya a gurbinsa. Masarautar, wadda ta samo tushe daga Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, tana da fada a Birnin Kebbi, kuma ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo suna cikin ƙasarta.

Hukunce-hukunce

A Disambar 2014, Babbar Kotun Jihar Kebbi ta soke tuɓewar, ta ba da umarnin a mayar da Jokolo kan karagarsa. A Afrilun 2016, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta tabbatar da hukuncin, bisa hujjar cewa gwamna bai bi matakan da dokar naɗi da tuɓe sarakuna ta shimfiɗa ba. Duk da haka Jokolo bai koma fada ba, domin an garzaya Kotun Ƙoli.

A Yunin 2025, Kotun Ƙoli ta rushe hukunce-hukuncen biyu da rinjayen alƙalai 3 a kan 2. Mai Shari'a Emmanuel Agim, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya bayyana cewa doka ta wajabta wa mai ƙorafi ya fara kai kokensa gaban gwamna kafin ya nufi kotu. Tun da ba a yi haka ba, Babbar Kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar tun farko.

Muhimmancinta

Hukuncin 2014 ya nuna cewa kotun jiha za ta iya saɓa wa gwamnatin jiharta. Na 2025 kuwa ya tsaya a kan ƙa'idar shigar da ƙara, don haka wanda gwamna ya tuɓe, gwamna zai fara kai wa kuka. Jinkirin ma darasi ne: tuɓewar rana ɗaya ta jira shekara 20, gwamnoni suka sauya, wanda aka naɗa yana kan karaga. 'Yancin kotu yana rage amfani ga mai ƙara muddin hukunci ya makara haka.