Yadda Goge Fentin Mota Ya Zama Sana'a

Motocin farko daga keken doki suka gaji fentinsu. Da buroshi ake shafa shi, shafi bisa shafi, kowanne a jira shi ya bushe, har mota guda kan ci makonni a hannun mai fenti. Duk da wannan wahala, rana da ruwan sama ba sa daɗewa sun dusashe shi. Masu haɗa man goge katako na cikin waɗanda suka fara cin kasuwar goge fentin mota. Frank Meguiar ya soma da man kujeru da tebura a Amurka a 1901, sannan ya karkata ga motoci. A 1910 George Simons ya haɗa kakin da ya yi suna da Simoniz.

Babban sauyi ya zo da Duco, fentin kamfanin DuPont, wanda General Motors ya fara fesa wa motar Oakland ta 1924, mai launin shuɗi. Cikin sa'o'i yake bushewa, sai dai ba ya sheƙi sai an murza shi. Ta haka gogewa ta zama aikin masana'anta.

Hikimar aikin ba ta da wuya. Zafin rana da iska suna kashe saman fenti ya koma gari-gari, ja kuwa shi ya fi saurin koɗewa. Sai a wanke motar, a kankare mataccen saman da mai mai ɗan kaushi, a bi da mai laushi don fito da ƙyalli, a rufe da kaki. Kakin da aka fi yabo shi ne karnoba, daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a arewa maso gabashin Brazil. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, shi ya sa yake jure rana a kan ƙarfe.

Daga shekarun 1980 masana'antu suka koma fenti hawa biyu: launi a ƙasa, sai rufi garai-garai a sama. Wannan rufin bai kai kaurin takarda ba, kuma kowace murza tana rage shi. Idan ya fara ɓarewa, ba man da ke maido shi, sai sabon feshi.