Teyatur: Yadda 'Yan Wasan Nijar Suka Koyi Sana'arsu da Ka

Ɗalibin Hausa a Nijeriya yakan fara sanin wasan kwaikwayo ne daga littafi, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Uwar Gulma na Mohammed Sada. A Jamhuriyar Nijar kuwa abin ya bi wata hanya dabam, har ma sunansa: can akan ce masa teyatur, kalmar da aka aro daga Faransanci.

Shi wasan dandamali ya shigo ne ta hannun 'yan boko. A shekarun 1930 makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa take horar da malamai da akawuna, takan sa ɗalibai su tattaro labarai da al'adun garuruwansu lokacin hutu, su mayar da su wasa cikin Faransanci. Da wannan salo malaman suka komo gida. To amma talakan Damagaram ba ya jin Faransanci, kuma dama yana da nasa, wato wasan kara, inda samari suke kwaikwayon sarki da fadawansa, da kayan sarauta na kara.

Mulkin soja ne ya haɗa hanyoyin biyu. Bayan da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani a 1974, sai ya raya ƙungiyoyin samariya, kuma daga 1976 aka shiga yin bikin matasa na ƙasa, jihohi suna gasar waƙa da rawa da teyatur. Samariya ta zama makarantar da babu allo, babu takardar shaida. Ana zama a amince a kan jigo, a tsara fitowa-fitowa, a ba kowa matsayinsa, sannan kowa ya nemo maganarsa da kansa. Abin da ya ba da dariya wajen gwaji a riƙe shi, wanda bai yi armashi ba a yar. Sabon shiga kallo yake yi har ranar da za a ba shi matsayin masinja ko ɗan aike. Haka ƙungiyar Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, ta yi suna tun daga Damagaram, rediyo da talabijin suka kai ta ko'ina.

Gwamnati ba don Allah ta ba da fili ba. Tana son a isar mata da saƙo. An bar 'yan wasa su caccaki ma'aikaci mai cin hanci da uba mai auren dole, amma dariyar tana da iyakar da ba ta hawa sama da ita.

Asarar ta faɗa kan mai nazari. Tunda ba a rubuta ba, yawancin wasannin sun tafi da bakunan da suka faɗe su, alhali a cikinsu akwai karin harshen Damagaram da kalmomin aro na Faransanci waɗanda ba kasafai ake samunsu a littattafan Zariya ba. Littafin Janet Beik na 1987, Hausa Theatre in Niger, yana cikin 'yan kaɗan da suka bi sawun waɗannan ƙungiyoyi tun suna kan ganiyarsu.