Attajirin da Ya Raina Tayar Lamborghini

Yau garejin Italiya za mu leƙa.

A tsakiyar shekarun 1970 wani attajiri ɗan ƙasar Kanada mai suna Walter Wolf, wanda ya yi dukiyarsa a harkar man fetur, ya sayi motar da samarin duniya ke mafarki a lokacin, wato Lamborghini Countach LP400. Injinta silinda 12 ne, ƙarfin doki 375, kamfanin kuma yana cika bakin cewa za ta wuce kilomita 300 a sa'a. Shi kansa sunan Countach kalmar mamaki ce a harshen mutanen Piedmont da ke arewacin Italiya, kamar dai mu ce "kai!" ko "tabɗi!". Duk da haka Wolf bai gamsu ba, kuma cikin abubuwan da ya raina har da tayoyin. Kamfanin ya saka mata Michelin XWX, na gaba 205/70, na baya 215/70, a kan rim mai inci 14.

Bari mu warware waɗannan lambobi tun yanzu, don za mu yi ta cin karo da su. Lamba ta farko faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, ana auna shi da kashi cikin ɗari na faɗin. To 215/70 na nufin faɗi milimita 215, tsayin gefe kuma kashi 70 na wannan faɗin, wajen milimita 150 ke nan. Kun ga tayar bayan motar da ake ce wa sarauniyar gudu da kaɗan ta fi ta motar gida ta yau.

Mai karatu zai ce to me ya hana su faɗaɗa ta tun farko? Amsar tana da tsohon tarihi. A 1699 wani masani ɗan Faransa, Guillaume Amontons, ya bayyana cewa ƙarfin gogayya tsakanin abubuwa biyu bai dogara da faɗin wurin da suka haɗu ba, nauyin da ke danne su ne abin lura. Ɗauki bulo ka ja shi a kan siminti a kwance, ka sake jan sa a kan gefensa, ƙarfin da za ka sa kusan ɗaya ne. Idan haka ne, faffaɗar taya ba ta da wata riba, sai ƙarin nauyi da tare iska. Ga kuma yadda ake ƙera taya a da: zaren cikinta a gicciye yake, jikinta ya fi son ya yi ƙumbo kamar tulu, ba ya son shimfiɗewa a kan kwalta.

Shi ya sa idan ka ga hotunan motocin tseren Jamus na shekarun 1930 sai abin ya ba ka tsoro. Mercedes W125 ta 1937 tana da ƙarfin doki kusan 600, amma tayarta ba ta fi ta ƙaramar motar haya ta yau faɗi ba. Direba na taka totur da ƙarfi sai tayoyin baya su yi ta juyawa a banza suna hayaƙi. Kamfanin Auto Union, a tseren hawan dutse da Hans Stuck ya yi suna a kai, sai da ya jera tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya, irin na babbar mota. Wato tun a lokacin direbobi sun san a jikinsu cewa ƙarin roba a ƙasa yana da amfani, ko da lissafin littafi bai yarda ba.

Gaskiyar ita ce roba ba bulo ba ce. Roba tana lotsawa ta shige cikin ƙananan ramukan kwalta, kuma idan aka matsa mata da nauyi fiye da kima riƙonta ba ya ƙaruwa daidai da nauyin. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan nauyin mota ɗaya ne, iskar da ke cikin taya ma ɗaya ce, to girman wurin da tayar ke taɓa ƙasa ba ya canzawa sosai don an faɗaɗa ta. Siffarsa ce ke canzawa. A siririyar taya wurin dogo ne daga gaba zuwa baya, a faffaɗa kuwa gajere ne mai faɗi. Wannan gajeren wuri ba ya sa robar yawan lanƙwasa a kowane juyi, don haka ba ta saurin ɗaukar zafi, zafin kuma yana da inda zai bazu. Da zarar an samu haka sai a iya ƙera tayar da roba mai laushi wadda ta fi manne wa kwalta. A nan ribar take, musamman wurin shan kwana.

'Yan Amurka ne suka fara cin wannan riba a aikace. Masu gasar gudun kwata na mil a miƙaƙƙen titi sun fara amfani da faffaɗan tayoyi marasa zane tun shekarun 1950. A cikin shekarun 1960 gasar da ke tsakanin Firestone da Goodyear ta sa tayoyin tsere suka yi ta faɗi shekara bayan shekara, har a tseren Formula 1 na Sifaniya a 1971 Firestone ya fito da taya mara zane ko ɗaya. Matsalar ita ce tayar tsere ba ta hawa titin gari. A titi ana son taya mai jure ruwan sama da doguwar tafiya. Hanyar ta buɗe ne da tayar radiyal, wadda Michelin ya yi wa rajista a 1946. A cikinta zaren yana tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamarar waya a ƙarƙashin zanen, ita ce ke riƙe fuskar tayar a shimfiɗe. Pirelli ya ɗora a kan wannan ya ƙera P7, da farko don Lancia Stratos, motar da ta ci kambun rali na duniya a 1974 da 1975 da 1976.

Wannan P7 ita Wolf ya sa wa ido. Kuma a nan labarin ya fi daɗi, domin bai kai motar wurin mai faci ya ce a canza masa taya ba. Ya nemo Gian Paolo Dallara, injiniyan da ya jagoranci aikin Lamborghini Miura kafin ya bar kamfanin ya buɗe nasa a 1972 kusa da birnin Parma. Dallara ya san abin da zai faru idan aka ɗora faffaɗar taya a kan ƙafar da aka tsara wa siririya. Mota idan ta shiga kwana jikinta yana karkata, tayar ma ta ɗan jirkice. Siririyar taya mai dogon gefe tana shanye wannan jirkicewar, gefen ya lanƙwashe, fuskar ta zauna a ƙasa. Faffaɗa mai gajeren gefe ba ta da wannan haƙurin. Tana jirkicewa sai baki ɗaya ya ɗaga, motar ta koma tafiya a kan kafaɗar tayar, a ƙarshe robar da ke ƙasa ta gaza ta tsohuwar tayar da aka raina. Saboda haka sai da Dallara ya sake tsara ƙarafan ƙafar motar da saitinsu yadda tayar za ta zauna a shimfiɗe ko jikin ya karkata. Sannan aka zo kan bodi, domin tayoyin sun leƙo waje, aka ƙara musu madigadi masu kumburi. Aka kuma ɗora fiffike a baya. A 1975 motar ta fito, ja wur.

Kamfanin Lamborghini a lokacin yana cikin halin ni-'yasu. Ferruccio Lamborghini ya riga ya sayar da hannun jarinsa ya koma gona, kuɗin bincike babu, a 1978 ma kamfanin ya durƙushe har kotu ta shiga lamarinsa. Aikin da Wolf ya biya daga aljihunsa shi ya zama gwajin da kamfanin ba zai iya yi wa kansa ba. A wannan shekarar ta 1978 aka fito da LP400 S, tayoyin gaba 205/50, na baya 345/35, a kan rim mai inci 15. Daga 215 zuwa 345, ƙarin milimita 130 ke nan a kowace taya, gefen kuma ya sauko daga wajen 150 zuwa wajen 121. Babu motar kasuwa da ta kai ta faɗin taya a zamanin.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Sabuwar motar ta fi tsohuwar riƙe hanya a kwana, ta fi ta natsuwa, amma a miƙaƙƙen titi tsohuwar ta fi ta gudu. Tayoyin da madigadin suna tare iska, fiffiken nan kuwa, wanda zaɓi ne ga mai saye, yana ƙara rage mata gudu, amma masu saye da yawa suka ce a saka musu don kwalliya. Motar ba ta da na'urar sauƙaƙa sitiyari, ga faffaɗar roba a ƙasa, juya ta a lungu sai mai ƙwanji. Ni abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne madigadin sun rufe yankan nan na musamman da mai zanen motar, Marcello Gandini, ya yi wa ramin tayar baya, wanda ya zama kamar sa hannunsa.

A zamanin nan dai akwai wanda ya bi akasin wannan hanya. A 1976 Derek Gardner na ƙungiyar Tyrrell ya ga cewa manyan tayoyin gaba suna tare iska, sai ya ƙera P34 mai taya shida, huɗu ƙanana masu inci 10 a gaba. Ta zo ta ɗaya da ta biyu a tseren Suwidin na wannan shekarar. Wanda ya ci, Jody Scheckter, a shekara mai zuwa ya koma ƙungiyar tseren shi wannan Walter Wolf ɗin, ya kuma ci masa tseren farko a Ajantina.

Ba a kowane wuri faɗi ke cin riba ba. A cikin ruwan sama faffaɗar taya tana da ruwa mai yawa da za ta ture a gabanta, idan zanen ya gaza kore shi sai ta hau kan ruwan ta yi ta sulɓi, birki da sitiyari su zama hoto. Masu ralin dusar ƙanƙara a Suwidin har yau siraran tayoyi masu ƙusoshi suke sakawa, don su huda dusar su kai ga ƙanƙarar da ke ƙasa. Faffaɗar taya kuma tana bin sawun da manyan motoci suka lotsa a kwalta, ka ji sitiyari yana fizgar hannunka. Gajeren gefe ba ya shanye rami, rim ne ke karɓar dukan, wanda ya taɓa saka irinta a titinmu ya san zancen. Akwai kuma maganar daidaito tsakanin gaba da baya. Porsche da ya fito da 911 Carrera RS ta 1973, tayoyin baya kawai ya ƙara wa faɗi, domin injin a can yake kuma bayan ne ke son zamewa. Ka yi irin wannan ƙari a motar da ba a tsara mata ba, sai ka murɗa sitiyari a kwana gaban ya ƙi bi.

Hukumar tsere ta duniya ma ta fahimci ƙarfin wannan abu, shi ya sa ta mai da faɗin taya linzami. A 1993 ta rage shi a Formula 1, a 1998 ta tilasta a tsaga wa tayoyin layuka don rage robar da ke taɓa ƙasa, a 2009 aka dawo da marasa zane. Da aka so motocin su ƙara sauri a 2017 sai aka faɗaɗa na gaba daga 245 zuwa 305, na baya daga 325 zuwa 405.

Ita kuwa Countach mai kumburin madigadi ita ce ta shiga fim ɗin The Cannonball Run a 1981, ita ce aka liƙa a bangon ɗakunan samari tsawon shekarun 1980, har mutane da yawa ba su san an taɓa yin wata iri kafin ita ba. LP400 ta farko mai siraran tayoyi ba a ƙera ko 160 ba, kuma a wuraren gwanjon tsofaffin motoci a yau ita ce masu kuɗi suka fi rububi, ta fi LP400 S tsada nesa ba kusa ba.